Yadda na shirya mana tafiyar jirgin ruwa, daga auta har Hajiya

Mu shida ne a tafiyar: ni da maigida, yaranmu uku, da mahaifiyarsa Hajiya, wadda gwiwa ta fara damunta. Duk wadda ta taɓa jan irin wannan tawaga zuwa garin da ba ta sani ba ta san inda gizo ke saƙa: ɗaure kaya, kwance kaya, neman masauki, neman motar da za ta kwashe mutum shida, sannan "me za a ci" safe da rana da dare. Abin da ya ja hankalina ga jirgin ruwan yawon shaƙatawa ke nan. Sau ɗaya za a buɗe akwati. Ɗakin kwana da wurin cin abinci suna tafe tare da ku, ku kwanta a Sifaniya ku wayi gari a Faransa. Sai dai aikin wannan sauƙin a tudu ake yin sa, watanni kafin a ga ruwa, kuma ni aka bar wa.

Maigida ya fara da kallon hotunan jirage. Ni kuwa na fara da tambayar wa ma za a bari ya shiga, domin kamfanonin nan suna da ƙa'idojin da ba sa ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Jariri sai ya cika wata 6, a hanyoyi masu nisa irin ƙetare Tekun Atlantika kuma sai ya shekara. Mai juna biyu ba a ɗaukar ta idan cikin zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, saboda asibitin cikin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini. Wannan ƙa'idar ce ta cire ƙanwata daga lissafi, da muka zauna muka ƙirga makonninta zuwa ranar sauka. Ta ji haushi, amma gara jin haushi a gida da a juyo da mutum daga bakin tasha da akwatinsa a hannu.

Auta ma ya yi tasiri a kan ranar tafiya ba tare da ya sani ba. Sashen da ake kula da yara kyauta, a yawancin jirage daga shekara 3 yake karɓa, kuma sai yaro ya bar famfas. Wurin ninƙaya ma haka, mai famfas ba ya shiga, sai a jiragen da suka ware wa jarirai ɗan filin wasan ruwa nasu. Autanmu a lokacin yana gab da cika uku. Muka tura tafiyar gaba har ya cika, domin in ba haka ba ni ce zan zama sashen kula da yaran, daga tashi har sauka.

Sai zaɓen teku da lokaci. Karebiyan na da kyau a hoto, amma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar Atlantika ne. Jirage ba sa daina tafiya, kyaftin ne dai yake kauce mata, wato tsibirin da kuka ci buri a kansa ana iya soke shi a musanya da wani, ko da yini guda a tsakiyar ruwa. Alaska kuwa tsakanin Mayu da Satumba ake zuwa, Hajiya tana jin labarin ƙanƙara ta ce a kai kasuwa. Muka tsaya a kan yammacin Bahar Rum, zagayen mako guda da ke tashi daga Barsalona ta Sifaniya ya biya ta Palma, ita ma a Sifaniya, da Marseille ta Faransa, sannan La Spezia, Civitavecchia da Napoli na Italiya, ya dawo inda ya tashi. Yuli da Agusta su ne tsakiyar zafi da cunkoso da tsada a can. Da son raina ne, ƙarshen Mayu ko Satumba zan zaɓa, amma hutun makaranta ke da ta cewa, sai muka ɗauki makon farko da hutun ya ba mu.

Kafin in biya ko sisi, maganar takardu na bi. Akwai wani zagaye da ya fi namu araha, mai tsayawa yini guda a Tunis, babban birnin Tunisiya, kuma maigida ya so shi. Amma ga mai fasfon da ke buƙatar biza, wannan tsayawar tana canza komai. Da zarar jirgi ya taɓa tashar da ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, an fita ke nan, dawowa Italiya ko Sifaniya sabuwar shiga ce. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, ga kuma ƙa'idar ita kanta ƙasar da aka tsaya. Haka yake ga zagayen gabas masu biyawa ta Turkiyya ko Montenegro. Kada kuma wani ya ce ai ba zan sauka ba, a ɗaki zan zauna. Tun ranar shiga ake duba takardun hanyar gaba ɗaya, wanda nasa ba su cika ba ba zai hau ba, kamfani kuma ba ya mayar da kuɗi a kan haka. Zagayenmu duka a cikin Shengen yake. Saboda wannan kaɗai na yarda da bambancin kuɗin, na ce da maigida, "Yallaɓai, araha ba ta ado."

Bizar Shengen ana iya neman ta tun wata 6 kafin tafiya, kada kuma a bari ya rage ƙasa da kwana 15. A ƙa'ida cikin kwana 15 ake ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa, wanda a lokacin hutu shi ne babban aiki. Ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nufa. Da na haɗa kwanan da za mu yi a Barsalona kafin tashi da bayan sauka, da yinin Palma, sai Sifaniya ta rinjayi Italiya. Suna buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfon da aka bayar cikin shekara 10 da suka wuce, wanda zai ci gaba da aiki wata 3 bayan fita. Kamfanonin jirage da yawa wata 6 suke so, don haka na bi mafi tsauri. A duba fasfon yara da kyau, a ƙasashe da dama wa'adinsa ya fi na manya gajarta. Idan kuma ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai tafi da yaro, a riƙe takardar amincewar ɗayan. Inshora kuwa ban tsaya a kan wadda biza ta nema ba, na ɗauki mai ɗauke da soke tafiya da kuma kwasar majinyaci daga jirgi zuwa asibitin tudu. Da tsohuwa a tawaga, ban ga dalilin yin rowa a nan ba.

Akwai rana ɗaya da na zagaye da jan biro a kalanda: ranar cika kuɗi. Ana fara ba da kafin alƙalami, sauran kuma a biya wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, ya danganta da kamfani. Kafin wannan ranar, wanda ya fasa abin da zai yi asara kaɗan ne, ko ma babu, in ya zaɓi farashin da ake mayar da kafin alƙalami. Bayanta kuwa asarar hawa take yi har ta cinye kuɗin duka. Sai na tsara neman biza yadda amsa za ta fito kafin ranar. Farashin da ba a mayar da komai ya fi sauƙi, amma mai jiran biza bai kamata ya kalle shi ba.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne zaɓen jirgi da ɗaki, kuma ban yi da-na-sanin minti ɗaya ba. Yara suna son mafi girma. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, yana iya kwasar fasinja 7,600. Babban yaronmu namiji ya haddace waɗannan lambobi, yana karanta mana su a kan abinci. Ni abin da nake gani a cikinsu shi ne gwiwar Hajiya: daga ɗaki zuwa wurin karin kumallo, daga can zuwa ƙofar sauka, a dawo, kullum. Muka ɗauki matsakaici, mai wurin wasan yara da zamiyar ruwa, amma wanda mutum zai ratsa shi ba tare da ya nemi wurin zama a hanya ba.

Kowane jirgi yana da taswirar benayensa a shafin kamfanin, ɗaki bayan ɗaki, da lambobinsu. Na buga ta a takarda na shimfiɗa. Abu na farko, tsakiyar jirgi da benayen ƙasa su ne inda motsi ya fi ƙanƙanta, goshi da benayen sama kuwa nan ake jin kowace igiyar ruwa. Na biyu, a duba abin da ke saman ɗaki da abin da ke ƙasansa. Ɗakin da ke ƙarƙashin filin ninƙaya, tun asuba za a fara jan kujeru a kanka. Wanda ke saman zauren kiɗa, sai dare ya raba. Na nemi benen da sama ɗakuna ne, ƙasa ma ɗakuna. Na uku, kusa da lif, amma ba daidai bakinsa ba.

Ɗakin da zai ɗauki mutum shida ba kasafai ake samu ba, in an samu ma da tsada. Yawanci na mutum biyu ne zuwa huɗu, ƙarin gadajen daga rufi ake sauko da su da dare, ko kujera ta koma gado. Muka ɗauki ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani: ni da maigida da auta a ɗaya, Hajiya da manyan yaran a ɗayan. Irin waɗannan ɗakunan kaɗan ne a kowane jirgi, su suke fara ƙarewa, shi ya sa mai iyali ba ya jiran rangwamen ƙarshe. Akwai kuma wani farashi mai sauƙi da kamfani ke zaɓa maka ɗaki da kansa daga baya. Ga mutum biyu babu laifi. Ga iyali, ana iya jefa ku bene daban-daban, ɗaya a goshi ɗaya a wutsiya. Wani ɗan abu da ba ya fitowa a hoto: banɗakin ɗakin jirgi yana da tudu a bakin ƙofa, sai an ɗaga ƙafa. Hajiya tana iyawa, na dai roƙi a sa mata kujerar wanka. Mai keken guragu kuwa dole ya nemi ɗakin da aka tsara domin haka, tun da wuri.

A kan baranda muka ja da maigida. Shi yana son ya zauna da shayinsa yana kallon ruwa, ni kuma ina tuna yadda auta ke hawa duk abin da ya samu. Shingen kansa dogo ne, dokar Amurka ta 2010 ma ta ce kada shingen jiragen da ke zuwa tashoshinta ya gaza inci 42, kusan santimita 107. Amma a barandar akwai kujeru da ɗan teburi, yaro mai shekara uku kuwa ya san amfanin kujera. Muka ɗauki masu taga. Maigida ya samu wurin shan shayinsa a bene na sama, ya ma yi abokai a can.

Yanzu kuɗi. Lambar da ake gani a talla ta mutum ɗaya ce, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki, kuma sau da yawa ba ta ƙunshi komai ba. Na ɗauki takarda na jera abin da ke biyo baya: harajin tashoshi in ba a haɗa ba, tukwicin ma'aikata, intanet, abin sha ban da ruwa da shayi da kofi na wurin ɗiban abinci, yawon garuruwa, wanki, hotuna, gidajen abinci na musamman, da na'urorin wasan yara. Sannan tikitin jirgin sama da otal da motar tasha. Da na tara, sai na ga kuɗin ɗakunan bai wuce wani kaso na abin da za a kashe ba. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi. Kowa ana ba shi kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma jakar kuɗi. Kuɗi na fita ta katin nan kamar famfo mai yoyo, ba a jin ƙararsa sai an ga bokiti ya cika. Tun ranar farko na je teburin kula da baƙi na sa aka rufe saye a katin yara, kowace yamma kuma ina duba lissafin a manhajar jirgin.

Tukwicin nan kullum ake ɗora shi a kan kowane mutum, a kamfanoni da yawa har da yara. A manyan kamfanonin Amurka yakan kama daga dala 16 zuwa 20 ga mutum ɗaya a rana. A ninka da shida, a ninka da kwanakin mako, za a ga ba ƙaramin abu ba ne. Na ji masu ba da shawarar a je a sa a cire shi. Ni ban yarda da wannan ba. Masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci, da yawansu daga Filifin da Indonesiya da Indiya, watanni suke yi a kan ruwa ba su ga iyalinsu ba, kuma wannan kuɗin yana cikin abin da suke dogara da shi. Wanda ba zai iya biya ba, ya rage wani abu daban. Na biya namu tun kafin tafiya, na huta. Abin da na ƙi saye shi ne kunshin abin sha na mako. Na yi lissafi, na ga yawancin yini muna tudu, sai kowa ya riƙa ɗura wa cikinsa lemo da dare kafin kuɗin ya fita.

Jirgin sama kuwa ban yi ciniki a kansa ba: kwana ɗaya kafin tashi muka isa Barsalona. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya yi latti, ba ya jiran akwatin da ya ɓata a hanya. Kuɗin otal na dare ɗaya ya fi sauƙi a kan bin jirgi zuwa tasha ta gaba da yara uku.

Ranar shiga, ana ba kowa lokacinsa. A bakin tasha ake karɓar manyan akwatuna, kowanne da takardar lambar ɗaki a maƙale, ba kuma za a sake ganin su ba sai yamma, wani lokaci sai bayan cin abincin dare. Don haka na haɗa jakar hannu: fasfo da takardu, magungunan Hajiya a cikin kwalayensu na asali da takardar likita, caja, kayan ninƙayar yara, da kayan canji na auta. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir, da soket mai kariyar hauhawar wuta duk na bar su a gida, domin ana ƙwacewa, wuta ce babbar abin tsoro a jirgi. Abin da na ɗauka ya yi mini rana shi ne 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu. Bangon ɗakin ƙarfe ne, suna kamawa, a ɗan ƙaramin ɗaki kuwa duk abin da ya bar ƙasa ya hau bango riba ne. Kafin jirgi ya bar gaɓa na karɓi wayar kowa na kashe mata layi. Idan aka yi nisa da tudu, waya takan kama layin jirgi mai bi ta tauraron ɗan'adam, kuɗinsa kuma ba na wasa ba ne.

Kafin tashi akwai atisayen ceto, kuma dole ne ga kowa. Asalinsa yarjejeniyar kare rayuka a teku ce, SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. Da, ana iya jinkirta atisayen har cikin awa 24 da tashi. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma fasinjojin da suka hau a Civitavecchia a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Daga 2015 doka ta koma a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Yanzu a jirage da yawa bidiyo ake kallo a waya ko a talabijin ɗin ɗaki, sannan a je wurin taruwa a nuna kati. Sauƙin ya sa mutane suna yin sa da rabin hankali. Ni na kama hannun yaran muka taka hanyar daga ɗaki zuwa wurin taruwarmu ta matakala, na kuma koya musu alamar: ƙara gajere sau bakwai, dogo sau ɗaya. Ƙananan yara ana ɗaura musu awarwaro mai lambar wurin taruwa, in wani abu ya faru suna sashen yara, ma'aikata ne za su kai su can. Na gaya wa babbar, "In kin ji ƙarar nan, kada ki neme ni, ki je inda muka je yanzu, can za ki same ni." Na kuma tabbatar akwai rigar ceto daidai jikin auta.

A yammar nan na yi wa yara rajista a sashensu, na kuma tabbatar da lokacin cin abincin dare. Zama biyu ake yi, na wuri da na dare. Mai ƙananan yara na wuri zai nema, tun lokacin sayen tikiti, domin shi ke fara cika. Duk wanda ke da abincin da ba ya ci, ko don lafiya ko don wani dalili, makonni kafin tafiya ake sanar da kamfani. Hajiya an rage mata gishiri, mai kula da teburinmu kuma kowane dare yakan kawo mata jerin abincin gobe ta zaɓa.

Ranakun sauka gari su ne inda iyali ke gajiyar da kansu. Tasha biyar a mako guda, kowace da abin da aka ce kada ka kuskura ka rasa. Wanda ya ce sai ya ga duka, zai koma gida yana neman hutu. Kuma sunan da ke cikin talla ba kullum nan jirgi ke tsayawa ba. Ana rubuta Rum, amma tashar Civitavecchia ce, kusan kilomita 80 daga birnin. Ana rubuta Florence da Pisa, jirgi kuwa yana La Spezia. Kowace rana akwai lokacin da ake so kowa ya dawo, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Yawon da aka saya ta hannun jirgi ya fi tsada, amma in motarsu ta makara ana jiran ta. Wanda ya fita da kansa ya makara, sai dai ya ɗaga wa jirgi hannu daga gaɓa.

Sai na raba su. Rum, mai nisa da cunkoso, ta hannun jirgi muka je, a yawon da mota ke yin yawancin aikin. Palma da Marseille da kanmu muka fita, muka ɗan zaga, muka dawo da sauran lokaci mai yawa, da takardar shirin ranar a jakata saboda lambar wakilin jirgi a tashar tana jiki. A Napoli kuwa rabuwa muka yi. Maigida da manyan yaran suka tafi Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Titunansa na duwatsu ne marasa daidaito, inuwa kuma kaɗan. Na ce, "Hajiya, ku yau ku huta, gwiwar nan ba ta Pompeii ba ce." Ta ce, "'Yar nan, ni da ma ban ce zan je kallon kufai ba." Muka zauna mu uku a jirgin da ya zama kusan namu, babu layi a wurin abinci, auta ya yi ta wasa a ruwa shi kaɗai. A cikin makon duka, yinin nan na fi jin na huta. Zagayenmu babu tashar da jirgi ke tsayawa nesa da gaɓa a kwashi mutane da ƙananan jirage, irin Santorini ta Girka, kuma da gangan na kauce musu. Tsallakawa cikin ƙaramin jirgi mai rawa a kan ruwa ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne.

Daren da muka taso daga Palma zuwa Marseille ne teku ta nuna hali. Wannan yankin, mashigin Lion, an san shi da iskar mistral mai gangarowa ta kwarin kogin Rhône. Manyan jirage suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi na gefe da gefe, amma ba sa hana goshi ɗagawa da sauka. Babbar 'yarmu ce ta fara jin jiri da tashin zuciya. Abin da ke kawo shi, kunnen ciki yana jin motsi, ido kuwa yana ganin bango a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Na fitar da ita inda iska ke kaɗawa, ta kafa ido a can inda ruwa ya haɗu da sama, ta ɗan ci busasshen biskit. Maganin da likitan yara ya rubuta mana tun a gida yana jakata, shi ma ya fi aiki in an sha kafin abin ya kama. Kada a ba yaro na manya ba tare da an tambayi likita ba. Hajiya kuwa, wadda saboda ita na yi ta lissafin tsakiyar jirgi, barcinta ta sha har safe.

Ɗaya abin da na tsananta a kai shi ne wanke hannu. Cutar amai da gudawa ta norovirus tana saurin yaɗuwa inda mutane dubbai ke taɓa cokalin ɗiban abinci ɗaya, kuma man goge hannun nan mai sinadari ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20, kafin kowane abinci. Akwai likita a jirgi, amma ganinsa da kuɗi ne, a kan katin nan ake ɗorawa, sai daga baya a nemi inshora ta biya, don haka a riƙe kowane rasit.

Daren ƙarshe aiki ne. Ana raba takardu masu launi na lokacin sauka, a maƙala wa akwatuna, a fitar da su bakin ƙofa kafin a kwanta. Kafin in rufe ko ɗaya, na ware wa kowa kayan da zai sa da safe har da takalmi, da magunguna da fasfo a jakar hannu. Na zauna na bi lissafin katinmu layi-layi, na ga an ɗora mana wani hoto sau biyu, na je teburin baƙi aka cire nan take. Gyaran da ake yi cikin minti biyu a jirgi, bayan an sauka sai an yi ta aika saƙo. Da safe ana so a bar ɗaki da wuri, wajen ƙarfe takwas, a jira a kira launinku. Akwatunan suna jere a babban zaure a tasha, ɗaruruwa masu kama da juna, namu na ɗaura musu jan ƙyalle. Mai komawa a ranar kada ya sayi tikitin jirgin sama na kafin azahar. Mu a Barsalona muka sake kwana. Kuɗin da kamfani ya riƙe a katin bankinmu a matsayin jingina tun ranar shiga ya ɗauki kwanaki kafin banki ya sake shi, shi ya sa na otal da na motar filin jirgi a wani kati daban na ajiye su.